Ƙafar Ari da Hanyar Kano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Birni, Damagaram, cikin watan Cika-ciki, shekara ta 1353 bayan Hijira.

Takarda daga yayarka Kellu zuwa ga ƙanena Gana, mazaunin garin Jos. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maƙwabtanka da duk wanda kuke cin abinci tare a wannan ƙasa ta Ingilishi. Allah Ya tsare ka daga sanyin garin nan da kake ba mu labari, Ya sa albarka a nemanka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Malam Suma'ila na masallacin unguwarmu ne yake rubuta mini, kuma na roƙe shi ya sa maganata yadda ta fito daga bakina, kada ya gyara ta. Na san kana karanta ajami da kanka, saboda haka ka nemi wurin da ba kowa ka zauna da ita, don magana ce ta cikin gida, ba na so ta zaga bakin mutanen Damagaram da ke can.

Mu nan lafiya muke, sai zafin bazara da ya matsa mana. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa har sai da aka ƙara wa guga igiya. Iya Kaltuma tana nan da sauran ƙarfinta, idon ne dai ya ƙara rauni, amma kunne da baki suna nan yadda ka bar su. Matarka Sakina lafiyarta ƙalau. Ramlatu ta yi tsawo, ita ke taya ni tsince itace in zan haɗa turaren wuta na sayarwa, har ta fara gane hawi da sandal da hanci kawai. Wasila ta yi haƙora, ta fara tafiya tana dafa bango. Saƙonka da Mamman mai goro ya kawo ya iso tun kafin Babbar Salla, tare da tsarabar da ka aiko, Iya ta yi ta sa maka albarka.

To, sai maganar da ta sa na zaunar da Malam da tsakar rana. A saƙon nan ka ce ka sami ɗaki, kana so ɗan'uwanmu Ari ya ɗauko Sakina da yaran a kamyon da yake tuƙawa ya kawo maka su Kano kafin damina ta ɓata hanya, kai kuma ka taho a jirgin ƙasa ka tarye su. Na san ka yi ta zuba ido shiru, ƙila har ranka ya ɓaci. Kada ka ga laifin Sakina, tun ranar da saƙon ya zo ta ɗaure kayanta. Kada kuma ka ga laifin Ari. Ni ce na hana tafiyar, kuma zan gaya maka dalili tun daga tushe.

Ari ba shi da lafiya. Ba ciwon kwanciya ba ne, in ka gan shi zaune a zaure sai ka ce ba abin da ke damunsa. Iya ce ta fara ganewa, ita da ba ta gani sosai. Bara waccan da kaka muna zaune a tsakar gida, ya shigo gaishe ta, tun yana soro ta ɗaga kai ta ce, “Wannan tafiyar ba ta Ari ba ce.” Muka yi dariya, amma da na kasa kunne sai na ji takalminsa na dama yana jan ƙasa. Daga baya hannun dama ya fara rawa in ya ajiye shi a gwiwa, yatsun suna motsi kamar mai jan tasbaha alhali ba tasbaha a hannun. Matarsa Hajara ta same ni a ɗaki ta ce maigidan ya fara daɗewa wajen naɗa rawani, in ya zauna a tabarma kuma tashi sai ya yi yunƙuri biyu ko uku. An yi masa rubutu ya sha, wanzami ya yi masa ƙaho, na haɗa masa hayaƙi iri-iri da na gada wurin kakarmu. Ba mu fasa addu'a ba har yau, amma abin bai tsaya ba.

Da ƙyar Hajara ta shawo kansa ya je wurin likitan soja. Ya dawo ya ba mu labari cewa Nasaran ya sa shi ya yi tafiya a gabansa ya juyo, ya miƙa hannuwa, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu yana saurare kamar mai gwada ƙofa. Ta bakin tafinta ya ce masa wannan ciwo ne na jijiyoyin da ke kai saƙo daga kai zuwa gaɓoɓi, ba a ɗaukarsa wurin wani, ba ya kisa da sauri, amma ba ya komawa baya, kuma ko a ƙasarsu ba su da maganin da ke raba mutum da shi. Da Ari ya tambaye shi zancen tuƙi, sai ya ce rawar hannun ba ita ke ba shi tsoro ba, don tana lafawa in mutum ya riƙe abu. Abin tsoron shi ne saƙon da kai ke aika wa ƙafa zai fara makara a hanya, musamman in an gaji. Ya ce ba zai iya faɗa masa ranar da tuƙi zai gagara ba, amma tana tafe. Ya ba shi wani magani mai ɗaci da ake ɗigawa a ruwa. Yana rage rawar, sai dai yana busar da baki, kuma in rana ta take sai ido ya yi dishi-dishi. Saboda haka ranar da Ari zai hau hanya ba ya sha, ya zaɓi hannu ya yi rawa a kan ido ya dushe.

Ka san halin ɗan'uwanka a kan mota. Tun da ya koyi aikin a garajin soja ya sami permi, wato takardar izinin tuƙi, har ya koma wurin Nasaran nan mai kanti a Zango, ba a taɓa kawo ƙararsa ba, ko akuyar wani bai taɓa bugewa ba. Mutanen Birni in za su aika tsohuwa ko mai ciki Matamaye, jira suke sai ranar Ari. Da ciwon ya bayyana sai ya ƙara wa kansa dokoki, ba wanda ya sa shi. Ya daina tuƙin duhu ko kaɗan. Yana tashi da an sallame asuba, lokacin da jikin ya fi saki. Duk garin da ya isa sai ya tsaya ya sauka ya zaga motar yana buga ƙafa a ƙasa, leburorinsa suna tsammanin tayoyi yake dubawa. In rana ta yi tsaka yakan kwanta a inuwa sai jikin ya huta. Tafiyar Kano ta ƙara masa tsawo, mai kanti ya yi ta ƙorafi, shi kuwa bai gaya masa dalili ba. Da wannan dabara ya ci shekara guda lafiya, kuma ni ma na yarda dabara ce mai kyau.

Ranar da Mamman ya kawo saƙonka, na daɗe ban ga Ari cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ce zai shimfiɗa wa Sakina da yaran tabarma a gaba kusa da shi, zai nuna wa Ramlatu jirgin ƙasa. Ni kuwa ƙafarsa na tuna. Na bari sai da muka keɓe a zaure na ce masa ban yarda ba, na ce kayan kanti daban, 'ya'yan Gana daban. Gana, ban taɓa ganin maganata ta soki mutum kamar yadda ta soke shi ba. Ya ce ashe har na fara yi masa kallon musaki. Ya ce wa ya fi shi sanin ramukan hanyar nan, wa zai fi shi tausayin 'ya'yan ƙanensa. Na ce ba tausayinsa nake shakka ba. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, Sakina tana tsakiya ba ta san wanda za ta bi ba. Daga ƙarshe ya aiko Hajara ta ce mini ran kasuwar Takieta zai kai kaya ya ɗauko fatu, in zo in zauna a gaba in gani da idona, in na ga aibu ya haƙura. Na ɗauki turarena kamar mai zuwa cin kasuwa na bi shi.

A tafiya ban ga aibu ba, gaskiya ce sai in faɗa. Da ya kama bolan, wato zoben nan da ake juya mota da shi, sai hannun ya natsu kamar ba shi ba. Tun daga nesa yake hango rami ya kauce masa. In mun doshi gari sai ya rage gudu ya yi ta busa ƙaho har kaji su watse. A Tirmini ya tsaya ƙarƙashin wani gawo ya sauka ya zaga, ya sha ruwa, ya dawo yana yi mini ba'a wai ko na ƙirga kurakuran. Muka isa Takieta hantsi bai gama ɗagawa ba. Ina zaune a kasuwa ina sayar da turare ina jin kunyar kaina, ina shirya kalmomin da zan ba shi haƙuri da su.

Abin da ya ɓata lissafi shi ne mutumin da ke tara wa mai kanti fatu ba ya gari, ya tafi jana'iza wani ƙauye. Ari bai sami kwanciyar da ya saba ba, ya yi ta zirga-zirga cikin rana yana neman wanda zai buɗe rumbun. Ba a gama lodi ba sai bayan la'asar. Nan dokokinsa biyu suka yi karo: in ya kwanta ya huta duhu zai same mu a hanya, in ya tashi yanzu zai tuƙa da gajiya. Na ce mu kwana, akwai gidan ƙawata. Ya dubi rana ya ce za mu kai, zai huta a Tirmini. Ina ganin da ba na cikin motar da ya kwana. So yake ya nuna mini ya iya, ni kuma ban nace ba, don ina tsoron kada ya ce na sake raina shi.

Dab da Tirmini akwai gangara da ke sauka wani kwari mai rijiya a gefen hanya. Muna saukowa sai ga wata mace da goyo a baya tana kora jaki ɗauke da tuluna, za ta tsallaka. Jakin ya zo tsakiyar hanya ya toge. Da sauran tazara sosai, ko ni da ban san mota ba na san akwai wurin tsayawa. Na dubi Ari na ga ya gan ta. Amma motar ba ta rage gudu ba. Na sunkuyar da kai na dubi ƙafarsa, tana nan a kan abin ba mota wuta, ba ta motsa ba, kamar an ɗora dutse. Ina ganin cinyarsa tana yunƙuri, ƙafar ta ƙi tashi ta koma kan birki. Sai ya kai hannu ya finciki birkin hannu, ya murɗe bolan da ɗayan, motar ta bar hanya ta faɗa cikin rairayi ta tattake sabara, ta yi kamar za ta kife, sannan ta tsaya. Gefen bayanta ya shafi kayan jakin, tulunan suka tarwatse. Idirisu, ɗaya daga cikin leburorin da ke saman kaya, ya faɗo ya gurɗe kafaɗa. Matar da goyonta Allah Ya tsare, ko ƙwarzane babu, amma tsakaninta da ƙarfen motar bai fi taku ɗaya ba.

Na sauka na kama matar ina duba yarinyar da ke bayanta. Sunan matar Kulu, ba ta kai Sakina shekaru ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta gyara goyonta ta taka har gefen da Ari yake zaune, don shi ya kasa saukowa, ta dube shi ta ce, “Mai mota, na ga ka gan ni tun daga nesa. Me ya hana ka tsayawa?” Mutane sun fara taruwa daga bakin rijiya, leburorinsa suna tsaye suna ji. Da ya ce birki ne ya tsinke ba wanda zai musa masa. Hannun yana ta rawa a kan gwiwarsa a gaban kowa, ya ce, “Ƙafata ce ta ƙi, baiwar Allah. Ki yafe mini.” Ta dubi hannun, ta dubi ƙafar, ta ce ta yafe, Allah Ya ba shi lafiya, amma ya tuna gobe ma za ta zo ɗiban ruwa, ita da sauran matan garin.

Mutanen Tirmini suka kawo zana da rassa suka haƙa rairayin aka turo motar kan hanya, wani mai ɗori ya gyara wa Idirisu kafaɗa. Ba wani shofer, wato mai tuƙi, a wurin, dole Ari ne zai kai mu gida. Ya zaga ya buga ƙafa har ta saki, ya hau, ya kama hannuna ya ɗora a kan birkin hannu ya nuna mini yadda ake ja, ya ce in ya ce in ja, in ja da duk ƙarfina. Haka muka taho, mai jaki ma yana iya wuce mu, hannuna a kan ƙarfen nan har ya sage, idona a kan ƙafarsa. Ana kiran sallar isha'i muka shigo gari. Har muka rabu a ƙofar gida bai ce mini kin yi gaskiya ba, ni ma ban so ya faɗa ba. Wallahi da na san haka gaskiyar tawa za ta zo, da na fi son in zama mai kuskure.

Ya yi kwanaki bai fita ba sai masallaci. Hajara ta ce yana zama a ɗaki ya zuba wa ƙafar ido. Ran Juma'a bayan an sauko ya wuce Zango gidan Alkasum. Ƙila ka tuna shi, dogon nan tsohon soja da suka koyi mota tare, wanda suka yi shekaru ba sa ga-maciji, don Ari yana cewa Alkasum tuƙin wanda aka biyo yake yi, shi kuma yana kiran Ari kunkuru. Ari ya zauna a zaurensa ya gaya masa komai, ya roƙe shi ya karɓi hanyar Kano, kuma ya ɗauki iyalinka. Abin da Alkasum ya ce ya ba ni mamaki. Ya ce tun bara ya lura, shi ya sa in sun haɗu a hanya yake ƙin wuce shi, yake binsa a baya daga nesa ko da wani abu zai faru, amma bai ga fuskar da zai yi masa maganar ba. Ya yi alkawari ranar da zai ɗauki Sakina zai yi tuƙin kunkuru. Washegari su biyun suka je wurin mai kanti. Nasaran ya yi faɗa da farko don an ɓoye masa, daga baya ya sauko. Ya ba Alkasum doguwar hanya, ya ce Ari ya riƙe garaji, don ba wanda ya kai shi jin ciwon inji da kunne, ya kuma bar masa ƙaramar tafiyar safe zuwa Miriya, kaya kawai ba fasinja, muddin likita bai hana ba. Tafiyarsa ta farko can ya sayo tuluna masu kyau, Alkasum ya sauke wa Kulu su a Tirmini.

Kada ka ce hankalina ya kwanta, bai kwanta ba. Ni so na yi ya sauka gaba ɗaya. Na ce masa hanyar Miriya ma akwai rijiyoyi, akwai mata da jakuna. Ya ce ya sani. Ya ce gajeriyar hanya ce, da sanyin safiya yake zuwa ya dawo kafin jiki ya gaji, ya ɗaure wa birkin hannu wani ƙarfe ya ƙara masa tsawo yadda zai same shi kusa, kuma yana komawa wurin likita duk sabon wata a gwada ƙafar. Ya ce likitan da kansa ya gaya masa zaman wuri ɗaya shi ke saurin daskarar da mai wannan ciwo. Na ce to wa zai gaya masa in lokacin ya yi, tun da ranar Takieta ma shi ya ga zai iya. Sai ya faɗi abin da ya hana ni sakewa tun daga ranar. Ya ce, “Ya Kellu, na gane ba zan iya yi wa kaina alƙalanci ba. Ke kika gani da idonki. Ranar da kika ce ya isa, a ranar zan sauka, ba zan yi miki musu ba.”

Ka ga kayan da ya ɗora mini. Yanzu kullum da sassafe ina fitowa ƙofar zaure da faifan turare kamar mai shanya, alhali shi nake jira ya wuce. Ina kallon yadda yake ɗaga ƙafar a cikin rairayin lungunmu, ina kallon in ya kai kwanar gidan maƙera ko zai juya gaba ɗaya ko sai ya yi 'yan ƙananan taku. Shi ma ya san abin da nake yi, yakan gaishe ni ya ɗan dakata kamar mai jiran hukunci, in ban ce komai ba ya wuce. Wata safiyar nakan buɗe baki in rufe. In na faɗa da wuri, na raba shi da abin da ya rage masa na jin shi namiji ne mai amfani, kuma na san zai cika alkawari ya zauna ya lalace a gabana. In na makara, ban san 'yar wa zan sa a gaban motar ba. Daga fitarsa har in ji ƙarar kamyon ta dawo ta bayan ganuwa kunnena yana kan hanya. Shi ya sa nake so kai ma ka dube shi da kyau in kun haɗu, kai da ka daɗe ba ka gan shi ba idonka zai fi nawa ganin abin da ya canja. Ka aiko mini da gaskiya ta hannun Mamman, kada ka tausaya mini, kada ka tausaya masa. Ba na so in yanke wannan magana ni kaɗai.

Ga yadda aka shirya. In Allah Ya yarda za su taso da tsayuwar watan gobe, kafin ruwan farko. Mamman zai riga su da labarin ranar. Za su sauka a Fagge gidan Baba Bukar, aminin mahaifinmu, can za ka same su. Alkasum ne zai tuƙa. Ari zai zauna a gefensa, don ya ce ya yi niyyar damƙa maka iyalinka hannu da hannu, kuma ko ba shi ke riƙe da bolan ba sai ya cika. Ya san ina rubuta maka wannan takarda. Ya ce in gaya maka komai, don kada ya zama shi ne zai fara buɗe baki a gaban ƙanensa.

Saboda haka ina roƙonka wasu 'yan abubuwa. In motar ta tsaya kada ka yi saurin kama shi, ka tsaya ka gaisa da Sakina ka ɗauki Wasila, ka bar shi ya sauko a kan lokacinsa. In ka ga fuskarsa ba ta saki ba kada ka ce fushi yake da kai, ciwon ne ya ɗaure ta, dariyar tana ciki. In za ka ba shi ruwa ko fura kada ka cika kwanon, rabi ya isa, sai ka ƙara masa in ya shanye. Kuma tun da ɗinki ne sana'arka, ka auna shi kafin ku rabu ka yi masa riguna masu faɗin wuya da hannu, marasa maɓalli ko ɗaya. Ka ce masa haka manyan shofofin Jos suke sawa yanzu. Zai gane, amma zai karɓa daga hannunka.

Iya Kaltuma tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla, ka riƙe Sakina da amana a baƙon wuri. Hajara tana gaishe ka da ita da yaranta. Sakina ta ce a gaida baban Ramlatu, Ramlatu kuma ta ce a tambaye ka ko jirgin ƙasa ya fi kamyon Baba Ari girma. Alkasum da Idirisu suna gaisuwa, kafaɗar ta warke ya koma aiki. Malam Suma'ila yana gaishe ka, ya ce yana sa mu a addu'a. In ka riga su isa Fagge ka gaishe mini da Baba Bukar da mutanen gidansa. Ka sa ɗan'uwanka a addu'a bayan kowace salla, ni ma ka roƙa mini Allah Ya nuna mini ranar, kada in riga ta, kada ta wuce ni.

Wassalamu. Ni ce yayarka mai kewarka,

Kellu